Wata 14 'yata na zuwa gidan reno: abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

'Yata tana da wata bakwai na fara kai ta gidan renon yara. Hutun haihuwa ya daɗe da ƙarewa, ƙanwata da ke riƙe min ita ta koma makaranta, ba ni kuma da wanda zan bar wa. Yanzu wata 14 ke nan tana zuwa, kwana biyar a mako, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Ƙawayena suna yawan tambayata ko wurin yana da kyau, amsar kuwa ta fi ƙarfin "eh" ko "a'a". Ba zan ambaci sunan gidan ba, tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Ranar da na je duba wurin, fenti ne ya tafi da ni, da lilo, da kayan wasa kala-kala, ga kamara a kowane ɗaki. A ranar na biya kuɗin zango. Da za a mayar da ni baya, ko bangon ba zan kalla ba, kawuna zan ƙirga: yara nawa, manya nawa. Lokacin da muka fara, yara shida ne a ɗakin ƙananan, masu reno biyu. Ashe babbar sa'ar da na taka ke nan ban sani ba. A Ingila doka ce, babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma duk wadda ta taɓa raino ta san dalili. Hannu biyu ke gare mutum. In uku suka ɓarke da kuka lokaci guda, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a cinya, na ukun da baki za a lallashe shi. Na huɗu da na biyar sai dai su yi ta yi har su gaji.

A cikin matan nan biyu akwai wadda aka damƙa wa 'yata, yara suna kiranta Anti. Ita ce dalilin da ya sa nake yabon gidan har yau. Ranar farko ba ta karɓi yarinyar daga hannuna ba sai da ta zaunar da ni ta yi min tambayoyi: yaya take barci, me take yi in yunwa ta fara kama ta kafin ta kai ga kuka, da goyo take shiru ko da jijjiga? Ta ce mu fara da awa ɗaya ina zaune, gobe awa biyu na ɗan fita, a haka har mako ya ƙare. Da farko na ga kamar ɓata lokaci ne, don yarinyar kowa ya miƙa hannu zuwa take. Sai da ta kai wata tara ƙiwa ta sauko mata, kamar yadda take sauko wa yawancin yara a wannan tsakanin. Kullum da safe sai ta ƙanƙame min wuya tana ihu. Na fara sulalewa in ta juya baya. Anti ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Maman yarinya, ki daina guduwa. Ki yi mata sallama ta gan ki, ki tafi, kada kuma ki dawo leƙe. In kina ɓacewa ba ta sani ba, ko a gida ba za ta yarda ki tashi daga gabanta ba." Na bi maganarta zuciyata na ƙuna. Bayan minti goma sai hoto ya shigo wayata, ga ta a cinyar Anti tana cizon abin wasa.

A watannin nan na sha zama a mota ina hawaye, ina ganin kamar na yada 'yata ne saboda aiki. Abin da ya ɗan sanyaya min rai wani dogon bincike ne da aka fara a Amurka a 1991, aka bi yara fiye da 1,300 tun daga haihuwa. Ya nuna cewa ingancin renon da yaro ke samu a waje yana tasiri a kan bakinsa da fahimtarsa, amma abin da yake samu a gida ya fi nauyi a sikeli. Ingancin da suka auna kuwa ba gini ba ne. Ana yi wa yaron magana? In ya yi gwaranci ana amsa masa? Ana ɗaukarsa in ya nema? Duk wannan Anti tana yi ba tare da ta san da wani bincike ba.

Sai maganar ciwo, wadda ba wanda ya gargaɗe ni a kanta. Wata ukun farko hancinta bai bushe ba. Likita ya ce mura shida zuwa takwas a shekara ba abin tashin hankali ba ne ga ƙaramin yaro, mai cuɗanya da yara kuwa takan fi haka. A nan gidan sun yi ƙoƙari. Ba sa karɓar yaro sai da katin rigakafi. In zafin jiki ya kai digiri 38 waya za su yi miki ki zo ki ɗauka. Wanda ya yi amai ko gudawa sai ya yi awa 48 ba alama kafin ya dawo. Ranar da suka fara maido min da ita na ji haushi sosai, ga aiki jibge a gabana. Daga baya na gane dokar da ta takura min yau ita ce ta kare 'yata daga ciwon ɗan wata mata jiya. Nonon da nake tatsa ma sun san ƙa'idarsa: suna da kwanan wata a jikin kowace fida, kada ya wuce awa huɗu a waje ko kwana huɗu a firij, a ruwan ɗumi kuma ake ɗumama shi.

A wata na takwas da fara kai 'yata Anti ta bar aiki. Ba wanda ya faɗa min. Ranar Litinin kawai na ga baƙuwar fuska ta miƙo hannu. Cikin wata huɗu an canza masu reno uku a ɗakin, yara kuma sun ƙaru zuwa 11, manya na nan su biyu. 'Yata ta koma tashin dare, ta rage cin abinci, ta koma maƙale min kamar sabuwar zuwa. Ba na zargin matan. Aiki ne mai cin jiki, albashinsa bai taka kara ya karya ba, duk wadda ta samu mafita za ta kama gabanta. Amma yaro ba gini ya sani ba, fuska ya sani da murya da ƙamshin jiki, kuma hukumar gidan ta ɗauki sauyin kamar canjin labule.

Wata rana na tashi aiki da wuri, na isa da ƙarfe ɗaya ba sanarwa. Talabijin na kunne, an jera yara takwas a gabanta, har da masu rarrafe. A gefe guda ga jariri ɗan wata huɗu yana barci rub da ciki, fuskarsa a kan filo mai laushi. Gabana ya faɗi. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo ba tarin barguna. Bayan gangamin da aka fara kan wannan a Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da kusan rabi. Ban jira kowa ba na juya shi da hannuna. Talabijin kuwa, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace a zaunar da 'yan ƙasa da shekara biyu gaban allo ba, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san me ya sa suka kunna, mutum biyu ba za su iya da 11 ba. Kamarar da ta burge ni tana can sama tana kallo, ba ta juya kowa ba.

A makon ne kuma ina yi wa 'yata wanka na ga shatin haƙora a damtsenta. Cizo tsakanin yaran da bakinsu bai buɗe ba abu ne da aka saba, ba shi ya dame ni ba. Shirun da aka yi min ne ya ƙona min rai.

Na samu shugabar gidan, dattijuwa ce. Na ce, "Mama, ba faɗa ya kawo ni ba, amma abin da na gani ba zan iya haɗiye shi ba." Ta saurare ni har ƙarshe ba ta kare kanta ba, na kuwa ji daɗin haka. An kwashe filulluka daga gadajen jarirai a ranar. An fitar da talabijin daga ɗakin. Aka kawo littafin da ake rubuta abin da yaro ya ci, awa nawa ya yi barci, kunzugu nawa aka canza, da duk wani ƙwarzane. Mai reno ta uku sai da aka yi wata biyu muna tuni, mu iyaye huɗu, kafin a ɗauko ta. Har yanzu lissafin bai koma yadda na same shi ba.

Wani abin da ba su taɓa wasa da shi ba shi ne ƙofa. Ƙanin mijina ya je ɗauko 'yata, sunansa ba ya cikin takarda, suka hana shi har sai da suka ji muryata. Ya yi fushi, ni kuwa na yi musu godiya.

In kika tambaye ni, ɗan da ya haura shekara zan ce ki kai shi, amma ki je duba wurin da tsakar rana ba da alkawari ba, ki tambayi matar da za ta riƙe shi shekararta nawa a gidan. Jariri ɗan wata uku ko huɗu kuwa, ni dai ba zan kai ɗakin nan ba sai yaran sun ragu ko an ƙara hannu. 'Yata tana nan tana zuwa. Sabuwar Antinta ta cika wata biyu, kuma shekaranjiya da na je ɗauko ta sai da ta koma da gudu ta rungume ƙafarta kafin ta yarda ta biyo ni.