Baƙin allo wajen sauya yanayin nuni: Microsoft Flight Simulator da X-Plane 12 gefe da gefe

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ka ce kana da Microsoft Flight Simulator na 2020 da X-Plane 12, manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, a laptop ɗaya da ka haɗa da talabijin ta wayar HDMI, kuma duk sanda ka sauya daga taga zuwa cikakken allo sai komai ya yi baƙi ƙirin. Ka tambaya ko katin hotonka, wato ɓangaren kwamfuta mai zana hoto a allo, shi ne ya gaza, da kuma wanne daga cikin biyun za ka goge ka sake saukewa.

Don Allah kada ka goge ko ɗaya tukuna, kada kuma ka sayi komai. Na Microsoft kaɗai yana neman fili kusan gigabayit 150, kuma kai ka san kuɗin data. Sake saukewar ma ba lalle ya gyara komai ba, domin abin da ke jawo baƙin allon galibi yana zaune ne a wani ɗan fayil na saituna ko a waje da manhajar gaba ɗaya.

Kafin mu kwatanta su, ga abin da nake so ka yi idan allon ya sake yin baƙi: ka kasa kunne. In kana jin ƙarar injin jirgin ta lasifikar laptop ɗin, manhajar tana raye, hoton ne bai iso allo ba. In ƙarar ta ɗauke ko ta maƙale tana maimaita kanta, to mai yiwuwa direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, shi ne ya yi tuntuɓe. Cututtuka biyu ne daban, maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Inda manhajojin biyu suka rabu tun farko shi ne abin da kowacce take nufi da cikakken allo. Ita Microsoft Flight Simulator, wadda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina aka fitar a watan Agustan 2020, cikakken allonta taga ce kawai da aka cire mata baki aka shimfiɗa ta ta rufe fuskar allon. Ba ta ƙwace allon daga hannun Windows. Shi ya sa idan ka danna maɓallan Alt da Enter don sauyawa tsakanin taga da cikakken allo, bai kamata talabijin ɗin ya rasa sigina ba. In ya rasa, wani abu ne ya kunnu tare da sauyin: HDR mai ƙara wa hoto haske da launi, ko G-Sync ko FreeSync masu daidaita saurin allo da na katin hoto, da aka saita su yi aiki a cikakken allo kaɗai. X-Plane 12 kuwa, na kamfanin Laminar Research da ya fito a Disamban 2022, yana ba ka dama a shafin Graphics ka zaɓi abin da kowane allo zai yi da kuma girman hoton da zai ɗauka. In ka bar shi a kan Default monitor settings, yana bin abin da Windows ke amfani da shi. In ka zaɓi wani girma da hannunka, to kana umartar allon ya canja yanayinsa, dole ya ɗauke na ɗan lokaci ya sake daidaita da kwamfutar. In kuma girman da ka zaɓa ya fi ƙarfin talabijin ɗin ko wayar HDMI, ba zai dawo ba sam.

Saboda haka baƙin daƙiƙa biyu ko uku a X-Plane bayan ka zaɓi wani girma ba ciwo ba ne, gaisuwa ce tsakanin allo da kwamfuta. Irin wannan baƙin a na Microsoft yana nuna ka duba HDR.

A nan zan ɗan tsaya, domin talabijin ya fi allon kwamfuta wannan hali. Tsohuwar tashar HDMI 1.4 tana iya ɗaukar hoton 4K, wato babban girman hoto na talabijin na zamani, a sabuntawa 30 cikin daƙiƙa kawai, sai HDMI 2.0 ke kai 60. Ƙara HDR a kai yana ƙara wa wayar nauyi. Ni kaina na taɓa ɓata dare biyu a kan wannan. Na jera jirgi a titin tashi na filin Malam Aminu Kano, na danna Alt da Enter, allo ya mutu, injina na ta ruri a kunnena, ƙaramar fitilar talabijin tana ƙiftawa. Na cire direba na mayar, na taɓa duk saitin da hannuna ya kai gare shi. Ashe wayar HDMI ce mai arha da na saya a kasuwa, doguwa mai mita biyar, siririya kamar wayar caja. Na aro gajeriya daga maƙwabcina, nan take hoto ya tsaya cak. Ka gwada wata waya da wata tashar a bayan talabijin ɗin kafin komai, ka kuma kashe HDR a saitunan nuni na Windows ka ga ko baƙin zai tafi.

Sai batun hanyar da kowacce ke bi ta yi magana da katin hoto. X-Plane 12 a kan Windows da Vulkan kaɗai yake aiki, babu wata hanyar da za ka koma. Na Microsoft na 2020 yana da biyu: DirectX 11 da ya zo da shi, da DirectX 12 da aka ƙara a ƙarshen 2021. Wannan gata ne wajen bincike, domin in kana kan 12 sai ka koma 11, ka rufe manhajar ka sake buɗewa, ka gwada sauyin. In baƙin ya ɓace, ka san inda matsalar take. Wanda ke kan Microsoft Flight Simulator na 2024 ba shi da wannan mafita, 12 ne kawai.

In ƙara ta ɗauke tare da hoton, ka danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, Windows ta sake tayar da direban. Windows tana jiran katin hoto daƙiƙa biyu ne, in bai amsa ba sai ta ɗauka ya sume ta sake kunna shi, kuma tana rubuta hakan a Event Viewer, kundin abubuwan da suka faru a Windows, da lamba 4101. In ka ga wannan lambar a daidai lokacin da allon ya mutu, sai ka cire direban da manhajar Display Driver Uninstaller ka sa sabo. Wajen barin shaida kam X-Plane ya fi: kowane buɗewa yana rubuta fayil mai suna Log.txt a babbar foldarsa, da sunan katin da ya gani, da allunan da ya gano, da kuskuren ƙarshe kafin ya faɗi. Ka buɗe shi ka duba sunan katin. Laptop da yawa suna da kati biyu, ƙarami na cikin firosesa da babba na wasanni, kuma in ka ga sunan ƙaramin, sai ka shiga saitunan Graphics na Windows ka ɗora manhajar a kan High performance. Ka yi duk gwajin da caja a jiki, domin da zarar an ɗauke wuta laptop ta koma batir, takan rage wa katin ƙarfi, wasu har saurin sabunta allon suke saukewa.

Abin da ya fi tayar wa mutum hankali shi ne manhajar ta riƙe mummunan saitin, duk buɗewa ta faɗa cikin baƙi, ba ka ko ganin inda za ka danna. Wani lokaci ma ba baƙi ba ne na gaskiya, hoton ya tafi allon da ba ka kallo ne, misali ka cire talabijin amma manhajar na nan tana nemansa. Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama suna jawo taga daga wani allo zuwa wani, Windows da P kuma suna ba ka zaɓin allo ɗaya tak.

In hakan bai yi ba, sai gyara daga waje, kuma a nan ka kula sosai domin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. A X-Plane ka shiga foldar Output, sannan preferences, ka ɗauke fayil ɗin X-Plane Window Positions.prf ka ajiye shi a gefe. Idan ka buɗe manhajar za ta ƙirƙiri sabo. Kada ka kwashe foldar duka, saitin sandar tuƙinka da madannanka suna ciki. A na Microsoft fayil ɗin shi ne UserCfg.opt. In ta shagon wasanni na Steam ka saya, yana cikin AppData, Roaming, foldar Microsoft Flight Simulator. In ta shagon Microsoft ne, yana cikin AppData, Local, Packages, a foldar manhajar, ƙarƙashin LocalCache. Shi wannan kada ka goge shi. Layinsa na ƙarshe ne ke nuna wa manhajar inda jiragenka da filayen jirginka suke a faifai, in ya ɓace za ta iya neman ka sake sauke su. Ka yi kwafinsa, ka buɗe da Notepad alhali manhajar na rufe, ka bar Windowed a 1, ka mayar da FullscreenBorderless 0, ka tabbatar Monitor yana 0, ka adana. Za ta buɗe a taga.

A nawa ganin, da haɗinka na laptop da talabijin, na Microsoft ya fi sauƙin zama lafiya tunda ba ya taɓa yanayin allon, X-Plane kuma ya fi sauƙin gano ciwonsa in ya samu matsala. Ka bar duka biyun a kan girman da Windows ke kai, ka rage nauyin hoton daga cikin manhajar in tana jan ƙafa. Ka fara da waya da HDR a daren nan, sannan ka turo mana abin da ka ji a kunnenka lokacin da allon ya mutu, tare da Log.txt ɗin, in sha Allahu za mu duba tare.