Ma'aunin Loos PT-2M da Daidaita Jigon Jirgin Tsere

Jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda ake maƙala wa ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi domin kada iska ta kifar da shi, ba kullum tsufan filafilai ne ke rage masa gudu ba. Sau da yawa matsalar tana jikin wayoyin da ke riƙe da jigonsa, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai, domin idan wayar dama ta fi ta hagu ɗauri, jigon yakan karkata, sai jirgin ya yi sauri idan iska ta bugo ta gefe guda, ya yi nawa idan ta bugo ta ɗayan. Wannan ce matsalar da ma'aunin Loos PT-2M, mai auna ɗaurin waya, yake magancewa, kuma a ganina yana yin aikin yadda ya kamata.

An ƙera shi ne domin waya mai sili 19 ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 5, 6 ko 7. Ana sanya wayar tsakanin ƙananan tayoyi biyu, a ja igiyar da ke jikinsa a rataya ƙugiya, sai sifirin da ke cikin ma'aunin ya ɗan lanƙwasa wayar, allura ta nuna lamba. Jadawalin da ke jikin ma'aunin shi ke fassara lambar zuwa kilogiram da kuma kaso na nauyin da zai iya tsinka wayar. Abin da ya fi burge ni shi ne yana zama a kan wayar da kansa, don haka mutum guda yana iya murɗa notin ɗauri da hannu biyu yana kallon allurar tana motsi.

Amfaninsa a tsere yana fitowa ne ga wanda ya fahimci abin da kowace waya take yi. A jirgin da hannuwan jigonsa, wato gajerun sandunan da ke tokare wayoyin gefe, suka karkata baya, ɗaure wayoyin sama, waɗanda suka bi ta kan hannuwan zuwa saman jigo, yana miƙe wayar da ta tashi daga jigo zuwa gaban jirgi, sai filafilin gaba ya rage ciki, jirgin kuma ya iya fuskantar iska sosai. Wayoyin ƙasa su ke hana tsakiyar jigo lanƙwasa gaba. Idan aka sassauta su, babban filafili yakan baje ya rage ciki. A iska mai ƙarfi filafili marar ciki ake so, saboda jirgin ba zai kwanta da yawa ba, ba zai riƙa fizgar kansa zuwa wajen iska ba, matuƙi kuma ba zai danne sitiyari yana jan ruwa kamar birki ba. A iska marar ƙarfi akan koma akasin haka. Masu ɗinka filafilai na jirage irin su J/24 da Etchells suna fitar da lambobin ɗauri na kowane ƙarfin iska, kuma ba za a iya bin su da taɓa waya da yatsa ba. Sai dai a kula da samfurin ma'aunin Loos da aka yi awon da shi, domin lamba 20 a PT-1 ba ita ce 20 a PT-2 ba.

Yana da iyakarsa. Ba ya auna sandar ƙarfe guda da wasu jirage ke amfani da ita a madadin waya, wadda ke da nata ma'aunin na jerin RT. Haka kuma ba ya nuna ko kan jigon yana tsakiyar jirgi, dole a fara auna wannan da igiyar ɗaga filafili zuwa gefen dama da na hagu. Sifirin kowane iri yana sakin jiki da tsufa, gishirin teku kuma ba ya ƙyale shi, saboda haka ya kamata a wanke shi da ruwan daɗi, a riƙa gwada shi da wani sabo kafin babbar gasa.

Mai yawon shaƙatawa kawai yana iya wadatuwa da sandar awo mai tsawon mita 2 da ake ɗaurawa a jikin waya, inda miƙewar milimita 1 take daidai da kusan kashi 5 cikin 100 na ƙarfin wayar, ana neman kashi 15 zuwa 20 a wayoyin sama. Amma wannan hanya tana buƙatar a sassauta wayar a fara daga farko, abin da ba zai yiwu a kan ruwa tsakanin tsere biyu ba. Mai sauya ɗauri duk lokacin da iska ta sauya, shi ne ya kamata ya sayi wannan ma'auni.