Jakar harsashi ko kwanso: wanne ya kamata mai tara tsofaffin kayan soja ya fara saye a Maraɗi?

Tsofaffin kayan soja da ke faɗowa hannun mutane a Maraɗi hanya biyu suka biyo. Na Faransa sun fito daga akwatunan tsofaffin sojojin da suka yi aiki zamanin mulkin mallaka, na Ingila kuwa ta Katsina da Jibiya suka tsallako. Kafin ka taya, fara rabe wanne ne a gabanka.

Harsashi mai rai ba kayan ado ba ne. Riƙe shi ba izini laifi ne, kuma albarushin da ya shekara ɗari ba abin amincewa ba ne. In an miƙo maka wanda kansa ke nan kuma ƴar hular gindinsa ba ta da alamar duka, kada ka saya, kada ka ce za ka buɗe shi. A sanar da jandarma. Abin tarawa shi ne kwanson da aka riga aka harba.

Kwanso ya fi araha, ya fi kuma sauƙin ganewa in kana da abin awo. A na Faransa, na bindigar Gras ta 1874 shi ne babba: tsawonsa milimita 59, bakinsa 11. Na Lebel ta 1886, bindigar soja ta farko mai albarushi marar hayaƙi, tsawonsa wajen milimita 50 ne, bakinsa 8, gindinsa ƙato, yana tsukewa zuwa sama kamar kwalba. Shi ne kuma bindigar Berthier ke ci, har da samfurin 1907 da aka ƙera don sojojin Afirka. Na MAS 36 milimita 54 ne, kuma ba shi da leɓen da ya fito waje a gindi, sai tsagi kewaye. Na Ingila, wato .303, milimita 56 ne, da leɓe. Wanda ka auna ka samu 39, musamman in mayen ƙarfe ya kama shi, na Kalashnikov ne. Ba tsoho ba ne, kuma a halin tsaron da ake ciki a bakin iyaka, jawo wa kai tambayoyi ne kawai.

Daga awo sai karatun gindi. Faransawa kan buga harufan masana'anta, kamar TE na garin Tuluz ko VE na garin Balans, tare da lambar shekara da lamba ɗaya daga 1 zuwa 4 mai nuna kashin shekarar da aka ƙera shi. A na Ingila za ka ga K na kamfanin Kynoch, ko R da L da ƴar kibiya a tsakaninsu. In akwai VII, bai girmi 1910 ba. Mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa a Maijirgi aka tono shi, tun zamanin hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine na 1899, amma in gindi ya ce 1917, magana ta ƙare.

Jaka ta fi tsada, amma ita ce ta fi cancanta a fara da ita: ba ruwanta da albarushi, kuma ta fi kwanso daɗin kallo. Ta Faransa ƙirgi ce mai kauri, sojan ƙasa yana ɗaura uku, biyu a gaba ɗaya a baya. Baƙar fata ta fi yawa a na kafin yaƙin 1914, masu launin ƙasa-ƙasa suka biyo baya. Ɗaga murfin ka duba ciki da fitilar waya, can ne ake samun hatimin mai ƙira ko lamba da tawada, sau da yawa ya dushe. Ingila tana da ɗamarar fata ta 1903 da ake ratayawa a kafaɗa, mai aljihu biyar, kowanne na cin harsashi goma. Tana kuma da jakunkunan saƙar auduga mai kauri na 1908 da na 1937. Na 1937 sun fi samuwa, kuma tunda an ci gaba da ƙera su bayan yaƙin duniya na biyu, shekarar da ke cikin murfi ce za ta yanke farashi, tare da tambarin kibiya.

A nan ne ake cutar mutane. Dukawanmu gwanaye ne, kuma jakar da aka ɗinka bara, aka shafe ta da toka da mai, tana iya ruɗar baƙo. Matsa fatar da yatsa: ta akuya, ko da jar akuyar Maraɗi ce, laushi gare ta, ba ta tsayawa da kanta kamar ƙirgi. Ƙona ɗan silin zare da ya fito: na da yana zama toka, na roba yana dunƙulewa. Duba gindin maɓallin tagulla, tsoho yakan bar koren datti da ya ci cikin fatar. Jakar da ke zubar da jan gari in ka shafa ta kuwa, fatar ta mutu, ba man da zai dawo da ita, ko an yi maka rangwame bar ta.

In ka saya, kada ka goge kwanso har ya yi ƙyalli, darajarsa kake kankarewa. Busasshen burushi ya isa. Fata ba ta son man gyaɗa ko baƙin mai, suna sa ta yi baƙi, ɗinki ya ruɓe. Hunturu na tsattsaga ta, damina na sa mata fumfuna, gara kuma ba ta raina saƙar auduga. Cusa mata farar takarda don kada ta lotsa, ka ajiye ta a kan kanta nesa da bango, ba cikin leda ba.