Man kariyar rana da na saya wa ɗiyata kafin tafiyarmu Yamai

Ɗiyata ta tsakiya zabiya ce, shekarunta 6. A Tawa mun san yadda muke lallaɓa ta, in rana ta take tana ɗaki, ba ta fita wasa sai bayan la'asar. To da hutun ƙarshen watan Maris ya zo, babansu ya ce mu je Yamai wurin yayata, yara kuma sun daɗe suna roƙon a kai su su ga kogin Isa. Ba zan kai yarinya har Yamai in kulle ta a ɗaki ƴan uwanta suna yawo ba. Shi ya sa na shiga farmasi.

Abin da aka ba ni man kariyar rana ne na yara, ɗan bututu mai mililita 50, an rubuta SPF 50+ a jiki, jaka 12. Kuɗin sun yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Mai farmasin ya zauna ya yi mini bayani. Lambar SPF tana nuna kariya daga hasken UVB, wanda ke ƙona fata: mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100, mai 50 kusan 98. Ya nuna mini alamar UVA cikin ɗan da'ira, ya ce kada in sayi wanda babu ita, don wannan hasken ya fi shiga cikin fata, har gilashin mota yana ratsawa. Saboda maganar nan, tun daga Tawa har Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 500, ban bar ta ta zauna bakin taga ba.

Ranar farko gidan tarihi na Bubu Hama muka je kallon namun daji. Na shafa mata minti 20 kafin mu fita, fuska, wuya, hannu, bayan ƙafa, na ƙara bayan awa 2. Zafin ranar ya kai a ce wayyo, amma da dare na duba jikinta da fitila, ko ɗigon ja babu. Yarinyar da rabin awa a tsakar gida ke mayar da kumatunta jawur. Na yi hamdala.

Rana ta uku ce ta koya mini iyakar man. Mun shiga kwalekwale da hantsi, babu rumfa, ruwa yana maido hasken sama a fuska. Tana ta wasa da ruwa tana goge gumi da hannun riga, hankalina kuma yana kan ƙanenta kada ya leƙa. Na ƙara mata a fuska, na manta saman kunnuwa da ƙeya. Kafin magariba wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, kwana 2 ba ta iya kwanciya rigingine. Tsumma mai sanyi na yi ta ɗora mata, ina ba ta ruwa. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Man bai gaza ba, inda ya taɓa lafiya lau. Sai dai gumi da ruwa suna wanke shi, ko da an rubuta yana jure ruwa.

Man yana da kauri, irin mai sinadarin zinc oxide ne, bai yi mata yaji a ido ba, kuma ba shi da ƙamshi mai hawa kai. A jikin ƴan uwanta baƙaƙe kuwa, don su ma rana tana ƙona su, sai ya bar fari kamar an barbaɗa musu toka, ƙura kuma tana manne masa. Surukar yayata da ta gani ta ce, "Ke ɗiyar nan, man bilicin kike shafa wa yara?" Na ce, "A'a Inna, wannan ba ya canza launin kowa, rana yake tarewa." Ta ce ai man kaɗe ya isa. Man kaɗe yana taushin fata, ni ma da shi na tashi, amma ba ya kare zabiya daga ƙuna, ƙunar da ke taruwa shekara da shekaru har ta zama kansar fata. Jaririn yayata mai wata 4 ba mu shafa masa ba, ƙasa da wata 6 inuwa da sutura ake ba su.

Washegarin ƙunar na shiga babbar kasuwa na sayo mata malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu ta auduga mai kauri, da baƙin tabarau. Muka daina fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Gaskiya malfar nan ta yi aikin da ya kai na man, kuma ba ta ƙarewa.

Man kuwa kwana 9 ya yi. Zan sake saye, amma ina ta tunanin uwayen zabiya na ƙauyukanmu da jaka 12 ke zama cefanen kwanaki. Da muka dawo Tawa sai da na yanka bututun da reza na kwashe ragowar da yatsa, ya ƙara mata kwana 2 na zuwa makaranta.