Mun ga likitar abinci bayan shekara biyu ana wankin ƙoda

Shekara biyu ke nan ina kai Baba wankin ƙoda daga Agege, sau biyu a mako. Uku ya kamata, aljihu ne bai kai ba. Duk tsawon nan ba wanda ya ce mana akwai likitar abinci a asibitin, sai da wata nas ta ga agogonsa yana lilo a hannu ta tura mu wajenta.

Ni da farko gani nake ɓarnar kuɗi ce, tunda sikeli bai nuna ya rame ba. Ashe ruwa ne ke cike gurbin naman da ya zube. Matar ba ta yarda da sikelin ba sai na bayan wanki. Ta zagaya damtsensa da tef, ta tsunkulo fatar bayan hannun ta auna, ta ba shi wani ƙarfe ya matse don ta ga ƙarfin riƙonsa. Sannan ta duba albumin, wani furotin da ke cikin jini, a takardar gwajin jini, ta ce ya yi ƙasa. Kusan minti arba'in tana tambayar abin da ya ci jiya da shekaranjiya, har Baba ya gaji ya ce, "'Yar nan, kotu aka kawo ni?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu muka yi ta horar da shi da yunwa. Tun kafin a fara wanki aka ce ya rage nama, muka riƙe wannan magana gam. Ta ce da an fara wanki doka ta juya, don injin yana tafiya da wani abu na abinci mai gina jiki. Mai kilo 60 kamarsa yana bukatar wajen giram 70 na furotin kullum. Yanzu farin ƙwai da kifi da kaza ba sa yankewa a kwanonsa.

Ta rage masa ayaba, lemon zaƙi, dabino da tumatir saboda sinadarin fotasiyam, mai iya rikita bugun zuciya. Mutumin da ya tsufa yana sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas! Ganye kuwa a tafasa a zubar da ruwan farko. Kanwa da dunƙule da kilishi, gishiri ya yi musu yawa.

Inda ban ji daɗi ba: takardar da ta ba mu amala ce da eba da ewedu, ba tuwo ba miyar kuka ba fura. Sai da na zauna ina yi mata bayanin kowanne, ita ma dai ta saurara ta gyara da biro. Kuɗin ganinta daban yake da na wanki, kuma rana ɗaya take zama a mako.

Duk da haka zan koma. Wata uku yanzu, Baba yana taka ƙafarsa zuwa masallaci ba mai riƙe shi, kuma jiya da kansa ya nemi ƙari.