Hattara da masu tallar "motar marigayi" a Facebook

Jama'a, akwai wata damfara da ta yi yawa a shafukan cinikin mota na Facebook da WhatsApp, kuma ma'aikatan da ke doguwar tafiya kullum ake yi wa tarkon. Za a ɗora hoton Mercedes V-boot ko Peugeot 504 tana ƙyalli, a ce ta wani marigayi ce, ta shekara da shekaru a gareji, magada ne ke gaggawar raba gado. Mitar tafiyarta kilomita 70,000 kacal take nunawa. Sai a ƙara da cewa irin wannan ƙarfen ba ya mutuwa, ko Zariya da Kaduna kake yi kullum ba za ta ba ka kunya ba.

Babu mai musun ƙarfin motocin nan. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna tun 1975, kuma duk wanda ya san tasha ya san abin da 504 ta yi a hanya. V-boot kuwa a tsakiyar shekarun 1980 ta fito, aka daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 1990, ke nan autar cikinsu ma ta doshi shekara 30. Wannan tsohon suna shi dillalin ke sayar maka.

Mitar motocin nan ta lambobi masu juyawa ce, yaron shago ma zai kwance ta ya mayar da ita baya. A V-boot ba sai an taɓa ba: akwai ɗan haƙorin roba da ke juya lambobin, yakan karye da kansa, mita ta tsaya cak, mota ta ci gaba da cin hanya. Ka manta da mita, ka sunkuya ka dubi robar birki da ta kuloci. In sun cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa, to wannan motar ta ga duniya.

A ce ma labarin garejin gaskiya ne, ba abin murna ba ne ga mai tafiyar kullum. Motar da ta daɗe a zaune robobinta sun bushe, tiyon ruwa ya tsattsage, tanki ya yi tsatsa, birki ya cije. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, a wata ka haura 3,000. Nan ne lagireto zai tafasa, gasket ya ƙone, albashi ya koma aljihun bakanike. Tayoyin ma a duba: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta; in ta tsufa ta tsufa, komai kyan zanenta.

Ranar dubawa za ka tarar an riga an ɗumama injin "don kada a ɓata maka lokaci". Kada ka yarda. Ka ce da sassafe za ka zo, ka dafa injin ka ji shi da sanyi, a tayar a gabanka, kai kuma kana tsaye bayan salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce injin yana ƙona baƙin mai, sau da yawa ringi ne ya cinye. Ka zaro ma'aunin baƙin mai: in man ya yi kauri yana danƙo, wataƙila an zuba ne don a ɓoye ƙarar injin. Ka bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu, inda bai kama ba fila ce aka shafe da fenti. Ka ɗaga kafet da abin da ke ƙasan but. Bakanikenka za ka tafi da shi, ba na dillali ba, don na dillali yana da kasonsa a la'ada.

Wasu kuwa babu motar ma sam. Hoton na wani ne suka ɗauko, su ce tana wani gari, akwai mai zuwa da kuɗi gobe, ka tura kafin alƙalami a riƙe maka. Sunan asusun daban, sunan mai maganar daban. Kana turawa layi ya mutu.

In an nace ta gado ce, ka nemi ganin magadan da takardar da ta ba mai sayarwa izini. Ka gwada lambar cesis da ke jikin motar da ta takardu harafi bayan harafi, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, sannan kuɗi ya fita.