Laftof don koyon kodin: sabuwa mai arha ko tokumbo mai ƙwari?

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar ATBU ta Bauchi ya yi wata shida yana koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, a waya, da manhajar Pydroid 3. Ranar da na gan shi ya ƙura ido yana laluben waƙafi da babban yatsa a kan fasasshen gilashi, na san wayar ta gama nata. A fara da ita ba laifi, amma ba za ta buɗe maka VS Code, manhajar rubuta kod, a gefe, darasin CS50 na Jami'ar Harvard a ɗaya gefen ba.

Sai muka nufi shagunan wajen Wunti. Mai shago ya fara ciro mana sabuwa dal a kwalinta, mai ƙaramin processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Celeron da RAM (ma'ajiyar aikin da take kai) 4GB. "Alhaji, wannan ko leda ba a ɓare ba," in ji shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka buɗe shafi shida a Chrome ta fara nishi, kuma da yawansu RAM ɗin a manne yake, ba ya ƙaruwa.

Ni dai tokumbo nake so, irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallama: ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 7490, duk 'yan 2018. Nemi mai RAM 8GB da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Kada kuma sunan i7 a kan processor ya ruɗe ka, dubi lambar da ke bin sa. A i5-8250U, wannan 8 ɗin na nufin zubi na takwas, kuma kusan daga nan Windows 11 ke karɓa a hukumance. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka i7 zubi na huɗu tsohuwa ce ta sha kwalliya.

Inda ake cin mutum shi ne batir. A garin da ake ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka ba da ko sisi, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, a rahoton da zai fitar ka gwada abin da batirin ke ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi da shi. Wadda muka fara dubawa ko rabi ba ta kai ba. T480 na da ramin batir biyu, na wajen ana cire shi da hannu a sa wani.

Mai son Android Studio, ta haɗa manhajojin Android, ya daure ya kai 16GB. MacBook kuwa sai in manhajar iPhone ka sa gaba, don Xcode, wadda ake haɗa su da ita, a Mac kaɗai take aiki.

T480 muka ɗauka, bayan ciniki har da tafiya a kira mu. Canjin yaron ya so ya biya kwas da shi, na ce ya sayi data, darussan shafin freeCodeCamp kyauta ne.